Hawsawi sunan asali ne, ba na gida ɗaya ba

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Usama, Umar da Mu'utaz Hawsawi, waɗanda Saudiyya ta je da su gasar cin kofin duniya a Rasha a 2018, 'yan gida ɗaya ne. Ba wa da ƙane ba ne. Usama, kyaftin ɗin tawagar, haifaffen Makka ne. Shi da Umar na ƙungiyar Al-Nassr suka tsare baya ranar buɗe gasa da Rasha ta zura mana biyar babu ko ɗaya, Mu'utaz na Al-Ahli yana benci. Abin da ya haɗa su kawai, kakanninsu daga ƙasar Hausa suka fito.

A nan Saudiyya sunan mutum a katin ɗan ƙasa gaɓa huɗu ne: nasa, na uba, na kaka, sai na dangi ko ƙabila a ƙarshe. Balarabe zai sa Utaibi ko Ƙahɗani. Kakanninmu kuwa a ƙasa suka zo, ta Chadi da Sudan, suka haye Bahar Maliya daga Sawakin, da yawansu bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903. Ba su da wata ƙabilar Larabawa da za su jingina da ita, sai aka rubuta musu asalinsu: Bahaushe Hawsawi, mutumin Barno Barnawi, Bafulatani Fallata. Shi ya sa za ka ji marigayi Shehu Umar Fallata, malamin hadisi a Masallacin Annabi, da Rayyana Barnawi, mace ta farko 'yar Saudiyya da ta je sararin samaniya a watan Mayun 2023.

Ta wajen uba kaɗai sunan ke bi. Mace ba ta ɗaukar na miji, don haka Bahaushiyar da ta auri Barnawi tana nan Hawsawi har kabari, 'ya'yanta kuma Barnawi ne ko da Hausa suka sha a nono. Akasin haka ma akwai: wani Hawsawi ne a takarda, amma in ban da "sannu" babu abin da ya iya. Kada kuma ka haɗa mu da 'yan takari da suka zo umara jiya suka maƙale. Mai katin ɗan ƙasa daban, mai iƙama (takardar izinin zama) daban, marar takarda daban, ko da unguwa ɗaya suke kwana.

Inda mutanen gida ke shan wahala shi ne neman dangi. Mutum ya sauka daga Kano da "wani Muhammad Hawsawi a Makka", alhali masu wannan suna ba su ƙirguwa. Kafin ka taso, samo sunan wanda ya yi hijirar da na ubansa, laƙabinsa na gida, garinsu da unguwarsu, sana'arsa, da zamanin sarkin da ya bar gari a kansa, don tsofaffi sun fi riƙe wannan kan shekara. Sannan ka nufi dattawan unguwannin Sharar Mansur, Jarwal ko Misfala a Makka, ba samari ba. In a intanet za ka bincika, rubuta sunan da Larabci, domin a boko wani Hawsawi yake rubutawa, wani Hosawi, wani Housawi, kuma wasunsu na sa Al a gaba.