Su wa suka haƙa Mashigin Suwez?

Tambaya: Malam, duk lokacin da ake maganar Mashigin Suwez sunan wani Bafaranshe, Lesseps, nake ji. Shin Faransawa ne suka haƙa shi?

Amsa: Ferdinand de Lesseps shi ya samo izini daga Sa'id Pasha, mai mulkin Masar, a 1854, shi kuma ya kafa kamfanin haƙa mashigin. Amma hannun da ya riƙe diga na talakan Masar ne.

An soma haƙa ran 25 ga Afrilu 1859, a inda garin Port Sa'id yake yau. Shekarun farko aikin tilas ne, irin wanda kakanninmu suka ɗanɗana a zamanin Turawa. Ana ɗebo manoma daga ƙauyuka, kimanin 20,000 kowane wata, in sun cika wa'adi a kawo wasu. Ka ga ke nan wasu na cikin rami, wasu na hanyar zuwa, wasu na hanyar komawa, gonaki kuwa babu mai dubawa. Kayan aikin ba su wuce diga da fartanya da kwandon kaba ba. Mutum ya cika kwando da ƙasa, ya saɓa, ya haura gaɓa ya juye, ya sake gangarowa.

Ƙishirwa ta fi komai gallabar su. A kan raƙuma ake kawo ruwan sha, sai da aka jawo wata magudana daga kogin Nilu, wadda ta isa garin Suwez a 1863. Kwalara kuma ta ɓarke a 1865.

Da Isma'il Pasha ya hau mulki ya nemi a daina aikin tilas, kamfanin bai yarda ba. Sarkin Faransa Napoleon na Uku ya yi alƙalanci a 1864, ya ce Masar ta biya diyyar faran (kuɗin Faransa) miliyan 84. Wai an cuci kamfani! Daga nan aka shigo da manyan injinan yasa masu aiki da tururi, da leburorin haya daga Girka da Italiya da sauransu. A gaskiya injinan nan ne suka kwashe mafi yawan ƙasar kafin buɗewa ran 17 ga Nuwamba 1869.

Ranar da shugaban Masar Jamal Abdul Nasir ya karɓe mashigin daga hannun kamfanin, 26 ga Yuli 1956, ya ce Misirawa 120,000 suka mutu wurin haƙa shi, adadin da masana tarihi da dama ke ganin ya yi yawa. A ƙarshen shekarar 1956 ɗin mutanen Port Sa'id suka tumɓuke gunkin Lesseps daga bakin mashigin.