Wane littafi zan fara da shi a kan kiɗan punk?

Tambaya: Malam, ina son sanin tarihin kiɗan punk da new wave, wato salon kiɗan rock na Turawa, amma na rasa littafin da zan fara da shi. Ni ɗalibi ne daga Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, fara da England's Dreaming na Jon Savage, wanda ya fito a 1991. Shi na fi so, domin bai tsaya kan Sex Pistols, ƙungiyar mawaƙan punk ta Landan, kaɗai ba. Ya nuna maka Landan ta 1976, rashin aikin yi ya ishi matasa, suna yawo da yagaggun riguna da aka maƙale da fil, ga shagon Malcolm McLaren da Vivienne Westwood a King's Road inda 'yan ƙungiyar suke taruwa.

Please Kill Me na 1996 kuwa labarin Amurka ne daga bakin mawaƙan da kansu, har zamanin ƙungiyar Ramones a kulob ɗin CBGB na New York. Yana da daɗin karatu, sai dai zancen ƙwaya da batsa ya yi yawa, gara ka sani tun yanzu.

Abin da ya biyo baya, 1978 zuwa 1984, Simon Reynolds ya tattara shi a Rip It Up and Start Again. In ka iso kan ƙungiyar mawaƙan Talking Heads, saurari faifansu Remain in Light na 1980, nan take za ka ji tasirin Fela Kuti. Duka littattafan ukun da Turanci aka rubuta su.