Tambayi Likita: Garkuwar jiki ta yi rauni kuma ita ke cin yaro, ta yaya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita, barka da aiki. Ɗana shekararshi 7, tun yana shekara 2 bai huta ba, yau tari da ciwon haƙarƙari, gobe kunne na ruwa, jibi zawo na wata guda. An yi gwajin sida babu, emasi babu. Bara sai ga ciwon suga, allurar insulin muke mishi, bana kuma dasashi na jini ga tabo baƙi-baƙi a fata. Wani likita ya ce wai garkuwar jikinshi ta yi rauni kuma ita ce ke cin jikinshi, to ta yaya abu ɗaya zai yi rauni kuma ya yi ɓarna? Wanshi ma haka ya yi ta fama har Allah ya karɓi abinshi. Ni da maigidana ɗan wa da ƴar ƙane ne, uwar mijina ta ce iska ce. Maman yara, Tahoua.

AMSA: Wa alaikumus salam ƴar uwa, Allah ya jiƙan wanda ya riga mu, ya ba wannan lafiya. Ban ga yaron ba, ba zan yanke mishi cuta ta takarda ba, amma maganar likitan nan ba ruɗu ba ce, tana faruwa.

Sojojin jiki, musamman waɗanda ake kira ƙwayoyin T, suna da birki. Sun gama da cuta sai birkin ya tsayar da su, kuma shi ke hana su taɓa naman jikin mai su. Manyan birkunan su ne CTLA-4 da PD-1, kuma kan binciken su ne James Allison na Amurka da Tasuku Honjo na Japan suka samu kyautar Nobel a 2018, don an gano in aka saki birkin da gangan sojojin na afka wa ciwon daji (kansa). To akwai yaran da ake haifa birkin nasu da matsala tun daga gado. Sai sojojin su faɗa wa saifa da hanji da huhu, su kashe ƙwayoyin da ke yin insulin, ga suga kenan, su cinye ƙwayoyin da ke tsayar da jini, ga dasashi na zuba. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne cikin wannan hargitsin ƙwayoyin B masu ƙera sinadaran kariya su ma raguwa suke, sai sinadarin ya yi ƙasa a jini, kowace ƙwayar cuta ta zo wucewa ta samu ƙofa buɗe.

Ba tsohon ilimi ba ne. A 2012 aka bayyana matsalar LRBA, wani sinadarin jiki wanda aikinshi shi ne hana CTLA-4 lalacewa cikin ƙwayar, a 2014 ta CTLA-4 kanta. A 2021 aka ba da labarin wani yaro ɗan Turkiyya marar PD-1, ya yi tarin fuka ga suga ga ciwon gaɓoɓi, iyayenshi ƴan uwan juna, ɗan uwanshi ma ya rasu yana ƙarami.

Maganar auren zumunci, nan ne nake so ki nutsu don na san yadda ake jifar uwa da laifi a gidajenmu. Irin na LRBA sai uwa da uba dukkansu na ɗauke da shi, su lafiyarsu lau, kowane ciki kuma akwai yiwuwar 1 cikin 4, daidai lissafin emasi. Zumunci na ƙara yiwuwar haɗuwar, gaskiya ne. Amma na CTLA-4 daga mutum ɗaya ma ya isa, 1 cikin 2, kuma wani na ɗauke da shi har tsufa ko ciwon kai bai yi ba. Hajiya uwar mijinki kuwa a bi ta a hankali, addu'a ba ta hana gwajin jini.

Cutukan nan ba su da yawa, shi ya sa dole likita ya fara kawar da tamowa, tarin fuka da sida tukuna. Ki tattara duk takardun gwaji da na magani, har da na marigayin in suna nan, ki nemi likitan yara na babban asibitin Tahoua ya duba ko zai tura ku Yamai. Ki tambaya a ƙirga ƙwayoyin jini kuma a auna imunogulobulin, wato sinadaran kariyar nan da ƙwayoyin B ke ƙerawa. Gwajin gado mai tabbatarwa galibi sai an aika jini waje, kuma da tsada.

Magani akwai: ƙarin imunogulobulin ta jijiya kusan duk wata, abatacept da ke maye gurbin aikin CTLA-4, sirolimus, wasu har dashen ɓargo. Kar ki saya mishi dekisa ko wani kotizon a tebur don kin ga yana lafawa, yana ƙara danne garkuwar ga tayar da suga, in likita ya rubuta wannan daban. Rigakafi masu rai irin ɗigon foliyo ki tambayi likita kafin a ba shi, in kuma kin sake haihuwa ki faɗa wa ungozoma tarihin gidan kafin allurar BCG ta rigakafin tarin fuka. Zazzaɓi mai zafi, numfashi sama-sama ko haɓo da ya ƙi tsayawa, ko tsakar dare ne a tafi asibiti.