"Kiɗa mai dogon zango" ko "kiɗan jeri"?

Wani ɗalibi ya rubuto daga Zariya yana cewa: "Malam, na karanta cewa Arnold Schoenberg ne uban abin da Turawa ke kira serial music. Tunda fim ɗin serial muna ce masa mai dogon zango, ko in ce kiɗa mai dogon zango?"

Madalla da tambaya, ɗana, amma kada ka yi haka. Zango maganar tafiya ce, inda ayari ke sauka ya huta, shi ya sa dogon zango ke nuna tsawo. Schoenberg kuwa ba tsawo ne ya dame shi ba. Almajirinsa Anton Webern ma, yawancin kaɗe-kaɗensa 'yan mintoci ne.

Ka dubi fiyano. Daga wani amo zuwa takwaransa na sama akwai amo 12, bakwai a fararen maɓallai, biyar a baƙaƙe. A da, Turawa kan naɗa amo ɗaya ya zama maigida, duk inda kiɗa ya zaga sai ya dawo gare shi. Schoenberg, haifaffen Vienna ta ƙasar Ostiriya a 1874, ya tuɓe wannan rawanin, daga baya ya kafa sabon tsari tsakanin 1921 da 1923. Mai tsara kiɗa zai jera amo goma sha biyun nan yadda ya ga dama, sai dai ba wanda za a koma masa sai sauran goma sha ɗayan sun wuce.

Kalmarmu a nan ita ce jeri, kuma ina son ta ƙwarai. Ka tuna jerin gwano: ka tsuguna ka kalle su bakin katanga, kowane na bin sawun na gabansa, ba mai tsallake wani. Kada ka haɗa ta da jere, irin na ɗakin amarya, domin can ido ake ƙawatawa, kwanukan kuma ba tafiya suke ba. Silsila ma na auna ta, na ga ta fi dacewa da nasaba.

Jerin nan ana iya karanta shi daga ƙarshe zuwa farko, ko a kife shi, hawa ya koma sauka, ko a haɗa biyun. In ka haɗa da jerin na asali, hanya huɗu ke nan; in aka fara kowace daga kowane cikin amo 12, siffa 48 ke nan.

Sai dai ka sassauta kalmar "uba". Josef Matthias Hauer, shi ma a Vienna, ya fito da nasa tsarin na amo 12 kafin Schoenberg ya bayyana nasa. Ka rubuta "kiɗan jeri", Schoenberg kuma ka ce masa jagora.