Yaya, ga amsar maganarka kan zanen furannin 'yarka

Ka ga hoton zanen da ke rataye a falonmu, ka ce mun koma Turawa, wai ina Bahaushe ina zanen fure. Wallahi maganar ta sosa min rai.

Nan Whitehorse, a yankin Yukon na arewacin Kanada, ƙanƙara kan rufe ƙasa kusan rabin shekara. Wanda ya sha wannan farin, idan Yuli ta zo ya ga furen da suke kira fireweed ya lulluɓe bakin hanya da shunayya, dole ya tsaya ya duba. Inda gobara ta cinye daji, shi ke rigan sauran tsirowa, kuma tun 1957 Yukon ta ɗauke shi alamarta. 'Yar taka kuwa ta fi son can gaba, wajen Tombstone a kan hanyar Dempster, inda itatuwa ke ƙarewa, tsirran ba su wuce idon sawu ba. Ƙarshen Agusta sai su rine ja da ruwan ɗorawa. Durƙusawa take yi da ɗan littafinta tana bin ganye ɗaya bayan ɗaya.

Na san ainihin abin da ke damunka mijinta ne. I, ɗan ƙasar ne, ya musulunta, kuma ba ya fashin Juma'a a masallacinmu da aka buɗe a 2018. Mahaifiyarsa cikin mutanen asalin ƙasar take, tana ɗinka furanni da ƙananan duwatsun ado a kan takalmin fata. Ita ta nuna wa 'yarka ayyukan Christi Belcourt, wadda ke zana furanni ɗigo-ɗigo kamar wannan ɗinki, har kamfanin Valentino ya sa zanenta a tufafinsa a 2015.

Amma ka sake duba gefen hoton nan da kyau. Dagi ne ya zagaye shi, irin na zauren Baba a Zariya, wanda magini ke sabuntawa kafin Sallah muna tsaye muna kallo. Ban taɓa jin an ce Baba ya bar Hausanci ba. Kuma babu mai rai a cikin zanen 'yarka ko ɗaya, tun farko ta tambayi malami.

Da Hausa take gaishe ni kowace safiya, har da rusunawa. Abin da ke min ciwo, tun da aka ɗaura auren nan ba ka kira ta ka sa mata albarka ba, ita kuwa kullum sai ta tambaye ni lafiyar Kawu.