Tambaya da Amsa: An ce za a garƙame mini shago

TAMBAYA: Baba, barka da aiki. Ina da shagon wanki da guga a cikin garin Kaduna. Makon jiya wasu mutum biyu suka zo, wai daga ƙaramar hukuma suke, in biya kuɗin shago nan take ko su sa kwaɗo. Na nemi takarda, suka ce in na biya za a kawo. Ban biya ba. Can kuma sai ga duba-gari, ya ce ruwan wankina yana malala kan hanya, ya ba ni wa'adi a rubuce. Shin suna da wannan hurumin, ko dai sun ga mai ƙaramin ƙarfi ne? Daga wani mai wanki, Kaduna.

AMSA: Ɗana, kada ka yi wa baƙin nan naka kuɗin goro, don maganarsu ba ɗaya ba ce.

Hurumi kam akwai shi. Jadawali na Huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi sa ido kan shaguna, gidajen abinci, gidajen burodi da wuraren wanki, har da kasuwanni, tashoshin mota, mayanka da kwashe shara. Ka ga sana'arka da sunanta take a ciki, saboda haka kuɗin shago ba ƙage ba ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne yadda aka nemi kuɗin. Tun 2016, zamanin gwamnatin El-Rufai, dokar haraji ta jihar nan ta tattara karɓar kuɗin shiga a hannun KADIRS, hukumar tattara haraji ta jiha, ta kuma hana karɓar tsabar kuɗi hannu da hannu. Takarda ce ke fara zuwa, da sunanka ko na shago, da abin da ake binka. Sai ka biya ta banki ko ta hanyar da hukumar ta tanada, ka riƙe rasit. Wanda ya ce "kawo yanzu, takarda na tafe" ya juya abin baibai, kuma kuɗin da ka miƙa masa ba zai hana a sake nemanka ba. In sun dawo, ka gaishe su da ladabi, ka nemi katin aiki, ka ce su bar maka takardar. Masu gicciya katako mai ƙusoshi a titi da sunan haraji ma haka ne, dokar tarayya ta 1998 ta haramta tare hanya don karɓar haraji.

Duba-gari kuwa, kada ka ji haushina, yana da gaskiya. Na san irin ruwan nan: toka-toka da kumfar omo, ya ratsa ƙofar maƙwabci ya kwanta a kwari, 'yan makaranta na tattare wando suna tsallake, da magariba sauro ya tashi daga nan. Mutumin ya bi ƙa'ida tunda ya rubuta maka wa'adi. In ya cika ba ka gyara ba, yana iya kai ka gaban majistare, a ci ka tarar da za ta iya fin kuɗin gyaran. Samo magini ya ja maka bututu zuwa kwata, ko a haƙa sokawe. In haya kake, ka sanar da mai ginin kafin a fasa ƙasa. In kuma aikin zai kai ga ƙara gini ko rumfa ta ci gefen titi, wannan maganar KASUPDA ce, hukumar tsara birane ta jiha, can ake neman izini. Da ka gama, kira duba-garin ya gani da idonsa, ya rubuta cewa an gyara.

In ka wayi gari ka tarar da kwaɗo a ƙofa, kada ka ɓalle shi, ko da kayan mutane na ciki. Ɗauki hoto da wayarka, ka kwashi rasit-rasit ɗinka ka nufi sashen haraji a sakatariyar ƙaramar hukuma, ka tambayi wanda ya ba da umarnin. Ka tafi da mai unguwa ko kansilan mazaɓarku, an fi saurin sauraron mutum in da babba a gefensa.