Tambaya da Amsa: Ina kalmar “strata” ta samo asali?

Tambaya: Salam Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗaliba ce a nan Kaduna, ina zaune a Tudun Wada. Akwai wata kalma strata da take ruɗa ni, malamin jogirafi ya ce duwatsu ne, na shiga lakcar soshiyoloji kuma na ji ana cewa mutane ne masu kuɗi da talakawa. Dan Allah wanne ne daidai, kuma Turanci ce ko aro suka yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Duk su biyun daidai suka faɗa miki, kalmar ce take da ƙafafu da yawa. Aro ce daga Latin, yaren Rumawan da. Suna da aikatau sternere, wato a shimfiɗa abu, abin da aka shimfiɗa kuma shi ne stratum, ko bargo ne a kan gado ko duwatsun da aka daɓe hanya da su. To ki riƙe “shimfiɗa” ɗin nan, sauran duk a kanta suka hau, ba sai kin yi ta hadda ba.

Na jogirafi ya fi sauƙi in kin taɓa leƙa rijiya ana haƙawa, da farko baƙar ƙasa ta sama, sai jar ƙasa da marmara, can ƙasa a samu yumɓu ko ruɓaɓɓen dutse kafin a ci karo da dutse mai ƙarfi inda masu haƙa suke fara ƙorafi suna neman ƙarin kuɗi. Hawa-hawan nan da kike gani su ake nufi. Amma fa a ilimin duwatsu an fi faɗinta ga duwatsun da suka samu daga yashi da laka da ruwa ya yi ta shimfiɗawa shekara da shekaru har suka daskare, kuma gaskiya Kaduna ba wurin ganin irinsu ba ne sosai, mu a kan tsohon dutse muke zaune, irin su Kufena a Zariya da duwatsun Kajuru, curi guda ne ba hawa-hawa. In kina son ganin na gaske sai ki nufi Sakkwato, wajen Kalambaina inda ake haƙo farar ƙasar da ake siminti da ita. Wani masani ɗan Denmak, Nicolas Steno, shi ya kafa ƙa'idar a 1669 cewa shimfiɗar da take ƙasa ta girmi ta samanta matuƙar ba a birkita wurin ba. Kamar tabarmi ne in an jibga su, ta ƙasa ita aka fara ajiyewa.

Daga nan masana zamantakewa suka ara suka ɗora wa mutane, na sama da na tsakiya da na ƙasa, mu ma ai muna da namu tun da, sarakuna, attajirai, malamai, talakawa. Ni dai aron nan bai gama kwanta min ba, don dutse inda aka shimfiɗa shi nan yake zama, mutum kuwa yana hawa yana sauka, ɗan dako a Kasuwar Barci in Allah ya buɗa masa sai ki ga ya zama mai shago. Amma a jarabawa ki rubuta yadda aka koya miki.

Sama ma ba su bar ta ba, akwai stratosphere, hawan iska na biyu wanda yake farawa daga wajen kilomita 10 a saman ƙasa ya kai har wajen 50, a nan wata iska da ake kira ozon take mai tare mana wani ɓangare na hasken rana mai cutarwa.

Wanda zai ba ki mamaki shi ne street, titi. Rumawa suna kiran hanyar da aka daɓe via strata, don suna gina ta ne hawa-hawa, manyan duwatsu da tsakuwa sannan faffaɗan dutse a sama, irin Via Appia da aka fara a shekara ta 312 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Daga nan Ingilishi suka samu street, Jamusawa Strasse, Italiyawa strada. Masana harshe da dama ma suna ganin sirat ta Larabci, wadda muke cewa siraɗi, can ta samo tushe, kuma Imam Suyuɗi a cikin littafinsa Al-Itƙan ya kawo maganar waɗanda suka ce hanya take nufi a yaren Rum. Akwai malaman da ba su yarda da hakan ba, suna cewa Larabci ce tsantsa, wannan kam sai ki tambayi malaman tafsiri.

Sai ki kula wajen rubutu, strata jam'i ce, in guda ɗaya ce stratum za ki ce, kada ki ƙara mata s a ƙarshe, malamai suna rage maki a kan wannan.